Zarton Babana

Dangin mijina sun so su cinye mini zarton ubana, kuma har yau ban yafe ba. Mijina bai cika wata biyu a ƙasa ba yayansa ya shigo da malamin rabon gado, aka dinga fito da kaya tsakar gida: injin ban ruwa, tiyo, fatanyu, buhunan shinkafar da ba a kai casa Kura ba. Sai ga zarton an sauko da shi daga jikin bango an aza a kan tarin.

Ina bakin ƙofar ɗaki, cikin takaba, na ce, "Yaya, wannan ba na ƙaninka ba ne. Na Babana ne."

Ko kallona bai yi ba. "Mace da zarto? Albasa za ki yanka da shi?"

Aka yi dariya. Yaya ya ce ubansu ne ya samo shi wurin Turawan da suka gina kanal ɗin ban ruwa, kuma duk garin an sha ganin marigayi mijina yana yanke rassan darbejiya da shi. Malamin ya ce a bar shi a hannuna zuwa Juma'a ta sama. In na kawo shaida, to. In ban kawo ba, ya shiga gado.

Babana kafinta ne a Bunkure, kuma zarton ya girmi kanal ɗin nesa ba kusa ba. Wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya ba shi tun yana saurayi. Bai haifi namiji ba, da ƙarfinsa ya ƙare ya miƙo mini ya ce in ajiye. Waɗanda suka ga miƙawar duk sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ke cin raina shi ne, da akwai rubutu a fuskar ƙarfen, layi uku da wani tambari, kuma ni na goge shi da hannuna. Lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba. Na ga ƙarfe ya yi duhu, na ce dauɗa ce. Na ɗebo yashin bakin kanal da toka da lemon tsami, na dirje shi yadda nake wa gindin tukunya, har yana ɗaukar ido. Har kiran mata na yi su zo su gani. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ga shi yanzu na iya karatu, abin karantawar kuma na kankare shi.

Kwana uku ina zama a rana ina karkata ƙarfen, ina neman ko inuwar baƙi. Babu. Sai wani maɓallin tagulla a jikin mariƙin, mai ƙananan rubutu a kewaye, na harhaɗa su ba su ba ni Hausa ba.

Maƙwabciyata, Kirista ce 'yar Filato da ke noman tumatir a gonar haya, ta shigo gaishe ni. Ta tofa wa maɓallin yawu, ta goge da bakin zane.

"Maman yara, Turanci ne, an rubuta a Ingila aka yi shi."

"To, Ingila ta san Babana ne? Yaya ma ai Turawa yake kira."

Ta riƙe shi kamar za ta yi yanka, ta ɓata fuska. "Wannan abu yana cizon hannu. Wa ya sassaƙa shi a karkace?"

Sai a lokacin na tuna. Babana bahago ne. Mariƙin asali ya tsage tun ina yarinya, ya sassaƙa wani da icen maɗaci, ya mayar da maɓallin, ya yi wa babban yatsansa gurbi a ɓangaren da na dama ba zai taɓa zama ba. Shi ya sa mijina kullum sai ya naɗe shi da tsumma.

Da la'asar na ɗaga murya ta kan katanga na faɗa wa Yaya. Ya ce, "Bahagwai nawa ne a ƙasar Kano? Ki zauna ki yi takabarki, baiwar Allah. Mace mai takaba ba ta da bakin jayayya."

Na koma ɗaki. Saura wata biyu da kwanaki in fita, Juma'a kuwa saura kwana huɗu. 'Ya'yana mata suna gidajen mazajensu. Wayar salula a garin sai ta mai rumfar bakin kasuwa, inda maza ke cika. Mutum ɗaya ya rage wanda zai gane sassaƙar, wani dattijo a Bunkure da ya koyi kafinta a hannun Babana. Idonsa ya tafi, amma hannunsa na nan. Ba zai taso don saƙon baki ba, ni kuma ba zan ba kowa zarton ya fita da shi ba. Idan na fita a ce na keta takaba, idan na zauna a raba ubana tare da buhunan shinkafa.

Washegari da hantsi na naɗe zarton a tsohon zane, na zumbula hijabi, na wuce ta gaban Yaya yana zaune a dakali, na gaishe shi da ƙarfi don ya tabbatar ni ce. Na bi gefen kanal har bakin titi, na tsayar da ɗan acaɓa na ce, "Bunkure."