Yadda Na Kai Ƙirƙirarriyar Basira Zurmi da Shinkafi

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Laraba, ina idar da salla na ɗaura kwali a bayan babur na nufi tashar Ƙaura. Ni mai duba makarantun firamare ne, saura mini shekara biyu in ajiye aiki. A cikin kwalin akwai littattafai masu ƙyalli daga Abuja: manufar gwamnati kan amfani da ƙirƙirarriyar basira a makarantu, wato manhajar nan mai amsa tambaya kamar mutum. An ce manyan duniya ne suka zauna a Turai, cikin sanyin na'ura, suka yarda kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Nawa aikin in raba littattafan, in cike fom.

Sammakona bai amfane ni da komai ba. Ba mai shiga hanyar Zurmi sai rana ta ɗaga, don haka sai takwas da kwata muka tashi, mu tara a motar mutum biyar.

Zurmi

A shinge na uku wani ɗan sa-kai ya ƙwanƙwasa kwalina da gindin bindiga.

"Mi ke ciki, Malam?"

"Basira ce."

"Ana cin ta?"

Direbanmu, Ɗan Bello, ya riga ni amsawa: "Ta gwamnati ce, kallonta akai." Aka ɗage mana igiya.

Tara da rabi na isa makarantar Malam Garba, hedimasta, abokina tun kwalejin horon malamai. Muka zauna a ofishinsa na karanta masa tambaya ta bakwai: wane mataki kuka ɗauka don kare bayanan ɗalibai daga masu kutse?

"Rubuta mun gama da wanga," in ji shi. "Gara ta canye rajista tun bara. Duk ɗan kutsen da ya iso, ya makara."

Tambaya ta takwas: ɗalibai suna sa manhajar ta yi musu aikin gida? Ya leƙa taga, inda 'yan aji huɗu ke zaune a ƙasa, littafi ɗaya tsakanin mutum shida. Na rubuta a'a da kaina. Littattafan kam ya karɓa hannu biyu. Ya ce takardarsu ba ta shan ruwa, ga shi rufin ofis yana yoyo.

A gidansa na sauka. Tuwon dawa da miyar kuka, da safe kuma fura da nonon da wata Bafulatana ke kawo musu.

Shinkafi

Alhamis ranar kasuwar Shinkafi ce, ranar da motoci ke tafiya a jere bayan motar sojoji. Na dawo Ƙaura na bi ayarin ƙarfe goma, muka shiga gari sha biyu saura.

Makarantar da na nufa rumfa biyu ce a bayan wata tsohuwar ma'ajiyar taki. Yaran duk daga ƙauyukan wajen Galadi ne, waɗanda 'yan bindiga suka tasa. Shugabar, Malama Hajara, ita ce mutum na farko da na tarar yana amfani da abin da na ɗauko. Ba ta da malamin lissafi. Kullum da hantsi takan je bakin tasha inda sabis ke kamawa, ta sa manhajar a wayarta ta koya mata darasin gobe, ta kwafa a takarda.

Na buɗe mata shafi na sha biyu. Ba a yarda malami ya taɓa abin ba sai da takardar shaidar horo, da kuma sa hannun iyayen kowane yaro.

"Iyayen wasu suna hannun mutanen daji," ta ce a hankali. "In aika musu takardar can?"

Na rufe littafin, na ɗauko fom. Na wuce tambayar ƙarshe: akwai lantarki? Makarantar da ke da shi ce kaɗai za a ba kwamfutoci masu aiki da hasken rana. Sau biyu na karanta, ko idona ne.

"Baba, bar kwamfutar," ta ce. "Shekaranjiya manhajar ta ba ni amsar rabawa ba daidai ba, sai da wata yarinya ta gyara ni gaban aji. Mutum nika so, mai jini a jika, wanda ya san lissafi."

Na rubuta wannan a gefen fom da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Gida

Biyar na yamma na iso Ƙaura lafiya. Ranar Litinin na miƙa fom. Sakataren ofishinmu ya duba gefen takardar ya yi murmushi.

"Ka ɓata tawadarka, Malam. Yanzu ba mutum ke karantawa ba, na'ura ce. Abin da ke cikin akwatin amsa kawai take gani."

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da lissafi kafin a ɗaga ni zuwa cike takardu. Na nemi izinin zuwa Shinkafi duk Alhamis in koyar da lissafi. Aka ba ni nan take, da sharaɗin kada in nemi kuɗin mota. Uwargidana ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba saboda hanyar, sannan ta fara dafa mini ƙwai na tafiya.

Ina godiya ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, da Malam Garba da iyalinsa, da direbobin ayari. Ina kuma godiya ga manyan duniya. Ba don manufarsu ba, da ban san 'yan aji biyar na Malama Hajara sun tsaya a jadawalin ninkawa na bakwai ba. Yanzu muna na tara.