Makaɗin Barazil da Ƙwaryar Kakata

Jiya wata yarinya ta kife ƙwarya cikin baho tana bugawa da yatsu, sai na tsaya cak da tsintsiya a hannu. Ka san yadda sauti kan ja mutum ya mai da shi gida.

A gidanmu na Gure, kakata ce mai kiɗan ƙwarya. Ita da ƙanwarta suke yi a bukukuwa, ɗaya ta buga, ɗaya ta amsa. Da ƙanwar ta rasu, sai ta rataye ƙwaryar a ɗaka. Mata sun yi ta roƙo har suka gaji. Ni kuwa na fi kowa so in koya, amma duk sa'ad da na tambaya sai ta ce hannunta ya mutu.

Shekarar da na shiga lakwal, makarantar boko, aka turo mana wani mushe, wato malami, daga yamma, ya sauka a ɗakin zaurenmu. Yana da rediyo mai kasat. Wata la'asar, lokacin nunar dabino, muna tsince wanda aka kawo daga kwari, ƙudaje na ta bin hannuwanmu, sai ya sa wani kiɗa. Kakata ta daina tsinta.

"Ɗan nan, wane ne wannan?"

"Iya, wani makaɗi ne na ƙasar Barazil, can bayan teku."

Ta sa shi ya zauna ya ba ta labari. Ya ce mutumin baƙi ne kamarmu, ɗan talakawa. Da gwangwanaye ya fara tun yana yaro, uwarsa na korarsa saboda hayaniya. Ya daɗe yana yi wa mawaƙa kiɗa daga baya, ba mai kallonsa, kafin ya soma tsara nasa. Kakanninsa kuwa daga ƙasashenmu aka kwashe su a jirgin ruwa.

"Daga wane gari?"

"Ba wanda ya sani, Iya."

"Har shi ma?"

Mushe ya gyaɗa kai. Ta ce a maimaita kiɗan. Aka yi ta maimaitawa har batir ya fara ja. Can ta ɗaga yatsa.

"Ji nan. Ya buga, ya bar wuri. Wannan amshi yake jira."

Ni ban ji komai ba sai ganguna. Ta ce in ɗauko ƙwaryar. Na share ƙurar, na cika baho da ruwa, ina sauri kada kakata ta fasa. Ta kife ta, ta jira, makaɗin ya buga a kasat, ta amsa masa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ba ta dubi kowa ba, hawaye na bin kuncinta. Da kasat ɗin ya ƙare ta kama hannuna ta ɗora a ƙwaryar. Bikin da ya biyo baya, ni na zauna a gurbin ƙanwarta.

Yanzu bukukuwan Gure lasifika ake ɗaurawa, ba mai neman ƙwarya. Ɗana ya nemo mini makaɗin a waya, na ga tsoho ne mai furfura da faɗin hannu, kuma ashe ya riga mu gidan gaskiya. Na daɗe ina kallon fuskarsa, ina neman kamannin wani da na sani. Wani lokaci in ce Babarbare ne, wani lokaci in ce namu ne. Da kakata na nan, da tuni ta faɗi garinsu, kuma ba mai iya musa mata.