Etek Nurbaiti Mai Tabarmin Kan Tudu

Duk wanda ya taɓa hawa tudun nan na saman tafkin Maninjau ranar hutu ya san Etek Nurbaiti. Gajeriya ce kakkaura, muryarta kuwa har gindin tudu ake jin ta. Ita ke ba masu zuwa cin abinci a sarari hayar tabarmi, ita kuma ke nuna wa kowa inda zai shimfiɗa. Babba da yaro Etek suke ce mata, wato goggo.

Tudun gadon uwarta ne, don a wajensu mata ne ke gadon ƙasa. Da can kanumfari ne cike da shi. Shekarar da mijinta ya rasu, cuta ta shiga kanumfarin garin, itatuwa suka bushe a tsaye. Nurbaiti ta fita takaba, ta ɗauki gatari ta shiga sara don ta sami itacen sayarwa. Ranar da itacen bakin gangare ya faɗi, ta ɗaga kai don ta share gumi, sai ga tafkin gaba ɗayansa a ƙarƙashinta, shuɗi shar, gonakin shinkafa sun zagaye shi, masallatan ƙauyuka suna walƙiya a rana. A wurin aka haife ta, amma ba ta taɓa ganin haka ba. Ta ajiye gatari ta zauna har la'asar.

Da ta sauko, yayanta Darwis ya ce su dasa kirfa a wurin.

"Ba abin da zan dasa, Yaya."

"To me za ki ci? Iska?"

"Iskar zan sayar. Za ka ga masu saye."

Darwis ya yi dariya har da tari, ya ce takaba ta taɓa mata kai. Ita kuwa ta yanko ganyen pandan mai kama da kaba ta hau saƙar tabarmi. Malaman makarantar garin ne suka fara hawowa wata Lahadi. Suka koma suka ba da labari. Kafin shekara ta zagayo, motoci na tsayawa a bakin hanya, iyalai na fitowa da shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba, da rendang, wato naman da aka dafa da kwakwa da yaji, da dakakken koren barkono.

Ba ta bari mutum ya zaɓi wuri da kansa. Tsofaffi kusa da rumfar salla take sa su, masu ƙananan yara nesa da gangare, amarya da ango kuwa can gefe inda ba mai sa musu ido. Wanda ya bar leda, har mota take bin sa da ita.

"Ɗana, ka manta kayanka."

"Ai shara ce, Etek."

"Taka ce dai. Ni ban ci ba."

Haka ta yi shekaru, ta aurar da 'ya'yanta mata, ta sake rufin gidan uwarta. Sai wata damina ruwa ya yi kwanaki yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Da hantsi ƙasar gefen tudu ta zaftare, ta tafi da hanyar mota, laka ta cika gidajen unguwar ƙasa. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma mutane suka fito ba su san inda za su nufa ba. Nurbaiti ta tsaya a bakin gangare ta ƙwala musu kira.

"Ku hawo nan! Ƙasan nan dutse ne, ba inda za shi!"

Suka hawo da jarirai da awaki. Ta fito da tabarminta kaf ta shimfiɗa a rumfar salla da ƙarƙashin tanti, ta ɗora tukunya. Sun kwana biyu a wurin kafin a gyara musu gidaje. Da suka tashi, babu tabarma ɗaya mai moruwa, duk laka ta cinye su. Hanya kuma ta yanke, baƙo ko ɗaya ba ya iya zuwa.

Darwis, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya same ta tana duba ɓarnar.

"Ki huta haka nan, ƙanwata. Kin tsufa, hanya ta tafi."

"Hanyar mota ce ta tafi, Yaya. Mutane ƙafa gare su."

Washegari ta ɗauki fartanya ta nufi ɗaya ɓangaren tudun, inda tsohuwar turbar masu itace take, ta fara yanka matakala ita kaɗai. Ba ta roƙi kowa ba. Zuwa azahar mazan unguwar ƙasa suka gan ta, kunya ta kama su, suka fito da duwatsu da gora. Matansu suka taru a tsakar gidanta suna saƙa. Darwis ya zauna kan kututture yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi.

Da ƙaramar salla, lokacin da 'yan garin da ke birane suke dawowa gida, matakalar ta kai sama. Cikin waɗanda suka fara hawowa har da wata tsohuwa da jikokinta suka ɗauko a kujerar kaba. Tun tana amarya aka tafi da ita birnin Medan, ta ce so take ta ga ƙauyensu daga sama kafin ta mutu. Suna isowa hazo ya rufe tafkin ruf. Babban jikan ya ɓata rai, ya ce sun sha wahalar banza.

"Kai dai buɗe shinkafa," in ji Nurbaiti. "Wa ya taɓa kallon tafki da yunwa?"

Ta shimfiɗa musu sabuwar tabarma a gaba, ta zauna kusa da tsohuwar suna lissafo dangi, har suka gano kakanninsu gida ɗaya suka fito. Ana cikin ci hazon ya fara yayewa daga gabas. Tsohuwar ta miƙa hannu, da maiƙon nama a yatsunta, ta nuna wani koren rufi a bakin ruwa.

"Ga masallacinmu can. Bayansa gidanmu yake."

Jikokin suka bar ci suka matso. Nurbaiti ta miƙe ta bar su, don wasu motoci sun tsaya a ƙasa, kuma ta hango akwai yara a cikinsu.