Sunan da Ofis Ya Ƙi Karɓa

Jiya warin takin zamani ya tuna mini da marigayi shugabana a ofishin jin daɗin jama'a, tun muna ƙarƙashin tsohuwar jihar Kaduna. A jami'a an koya mana cewa mai riƙe da biro ke raɗa wa matsalar talaka suna. Ina jin shi bai karanta wannan ba, amma kullum yakan karanta wa mutum abin da ya rubuta, bakinsa ja da goro, ya ce, "Haka ne?"

A Maska, wata manomiyar auduga da mijinta ya rasu ta ce, "A'a, Malam. Ni ce maigidan."

Ya soke sunan wan mijinta, wanda ya rubuta a matsayin maigida, daga takardar neman taki, ya sa nata. Sau biyu ofis yana dawo da takardar saboda sunan mace ne a kai, har damina ta wuce. Ni aka aika in gaya mata, na kasa haɗa ido da ita. Har yau ban san ko daidai ya yi ba.

Allah ya jiƙansa, ya yafe mana abin da muka rubuta a kan mutane.