Sunan da Aka Rubuta a Cikin Shinkafa

A layinmu na Kolhapur kowa ya san matar Vasantrao Tambe da Sulabha. To, ba sunanta ba ne. Chandrabhaga uwarta ta raɗa mata, sunan kogin garinsu. Ranar aure aka kawo tire cike da ɗanyar shinkafa, aka miƙa wa ango zobe ya rubuta wa amarya sabon suna, kamar yadda ake yi a danginsu. Vasantrao ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, ba zai kai sunan ƙauyawa gidansa ba. Ya ja zobe a kan shinkafar ya rubuta Sulabha, mata suka yi tafi, shi ke nan. Ta zauna da suna, ta tashi da wani.

Ba ta yi gardama ba, wa ma ya tambaye ta? Ta gasa gurasar dawa safe da yamma, ta goge masa riguna, ta haifa masa ɗa, ta yi jinyar uwarsa mai bakin nan kamar reza. "Sulabha, shayi!" "Sulabha, ina tabarauna?" Kafin ya rufe baki ta iso.

Abin da ya tsaya mata a wuya ɗaya ne. Wata rana tana wurin niƙa, wani direban motar rake daga garin iyayenta ya zo ƙofa a gurguje, ya ce uwarta na kan gargara, Chandrabhaga kawai take kira. Vasantrao na kan kujera da jarida. Ko sauke ta bai yi ba ya ce, "Babu mai wannan suna a gidan nan." Bawan Allah ya zaga layuka yana tambaya, ya gaji, ya tafi. Kafin labari ya same ta an riga an ƙona gawar.

Ranar sadakar kwana goma aka ajiye curin shinkafa a bakin kogi ana jiran hankaka ya taɓa, domin in ya taɓa, mamaci ya tafi ba ya da sauran buri. Hankaki suka yi ta shawagi, ko ɗaya bai sauka ba. Dangi suka yi ta alkawari, wannan ya ce zai kula da gona, wancan ya ce zai aurar da auta. Ina! Ita kuwa ta san abin da uwarta ke jira.

Da ta tunkari mijin a gida sai ya dafa ƙirji. "Na rantse na manta wannan tsohon sunan. Wa zai riƙe shi?" A kan wannan magana ya zauna har gashinsu ya yi fari. Ta bar maganar, amma kada ku ce ta yafe. Ni dai na san ba ta yafe ba.

Bara maƙwabciyarta Shalan, gwauruwa mai surutun tsiya, ta kwashi matan layi zuwa silima, kallon wani fim na matar aure da ta gano ta ɓata a cikin gidanta. Mata suka yi ta share hawaye da gefen zanensu na sari. Ita ko ɗigo.

"Ke dutse ne a ƙirjinki?" in ji Shalan.

"Waccan haƙuri mijinta ya ba ta, ta yi ta murna," ta ce. "Ni me zan yi da haƙuri, miya zan kaɗa da shi?"

Ba a yi wata ba Vasantrao ya zame a banɗaki, ƙugu ya karye. Likita ya ce sai kwanciya. Washegarin dawowarsu daga asibiti ya buɗe murya kamar kullum. "Sulabha, ruwa!"

Ta leƙo daga kicin, hannu duk gari. "Babu mai wannan suna a gidan nan."

Ya zaci wasa ne. Kai, bai san da wa yake yi ba! Abinci a kan lokaci, magani a kan lokaci, ta goge masa jiki, ta canza zanin gado. Amma ya kira ta amsa, a'a. Baya ya yi ƙaiƙayi, jarida ta faɗi ƙasa, ƙuda ya dame shi, sai ya yi ta "Sulabha" har maƙogwaro ya bushe, tana nan a baranda tana tsintar wake. Shalan kuwa ta taga take tsokanarsa: "Yaya, wa kake nema ne? Ko wata ka ajiye ba mu sani ba?"

Ɗansu ya bugo waya daga birnin Pune. "Haba Mama, ba shi da lafiya fa. Me kike so?"

"Kai ma, mene ne sunana?"

Ya yi shiru. Ta kashe wayar. Wannan shirun ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata, ta zauna ta yi kukan da ba ta yi a silima ba.

Da safe ta cika tiren aurenta da shinkafa, ta ɗora masa a cinya, ta zare zobensa ta danƙa masa. "Maigida, rubuta. Ran da ka rubuta na ainihin, ran nan zan amsa."

Nan fa ta kama shi. In bai rubuta ba, ba shi da mata mai amsa kira. In ya rubuta, ya ƙaryata rantsuwarsa da hannunsa. Ya ture tiren, ya yi zagi, ya ce ta haukace. Kullum tare da shayi sai ta kawo masa tire. Ya jure mako guda, ya jure biyu.

Wata safiya ta shigo ɗaukar kofi, ta tarar ya juya fuska bango. A kan shinkafar, da rubutunsa mai kyau na ofis, ga shi nan: Chandrabhaga. Ko harafi ɗaya bai kuskure ba.

Ta daɗe tana kallo. "Ashe ka sani," ta ce. "Ashe ran nan ma ka sani."



Ta ɗauki tiren, ta dafa shinkafar nan duka, ta cura, ta fita baranda ta ajiye a kan katanga. "Inna, ga ni," ta ce. "Na makara, amma ga ni." Can sai wani hankaka ya sauko, ya karkata kai ya dube ta, ya sa baki.

Daga cikin ɗaki muryar tsoho ta fito a hankali, kamar mai koyon magana. "Chandrabhaga. Ruwa."

Ta ji shi sarai, amma ba ta ɗauke ido daga hankakan ba.

"Jira," ta ce. "Akwai wadda ta riga ka kira."