Babur ɗin da Dunoma Ya Hana a Taɓa

A shekarar 1984, wadda damina ta yi gardama har gero ya tsaya iya gwiwa, Dunoma na Kanya Babba ya fara haɗuwa da Muhammadu Lawal. Dunoma Babarbare ne, manomi, yana kuma sayen riɗi a ƙauyuka ya kai kasuwar Babura. Ran nan sarƙar babur ɗinsa ta tsinke a bakin gari, ya turo shi yana gumi har gindin wata darbejiya. A nan Lawal ya kafa rumfa. Bafulatani ne da fari ya raba da shanu, ya koyi kanikanci.

Lawal ya dubi zanen fuskar baƙon, ya ce, "Ashe bawana ne. Ajiye nan, ka ɗebo mini ruwa."

Dunoma ya ce, "Ɗan Fillo, ka gaji da bin wutsiyar saniya ka koma shaƙar hayaƙi?"

Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ke nan, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Su biyun sun riƙe shi kusan shekara arba'in. Duk ranar kasuwa sai Dunoma ya tsaya, ko babur lafiyarsa ƙalau. Ya zauna a benci, a raba goro, a zagi juna. Baburan wancan zamani ƙarfe ne tsantsa, ba abin da ke ɓoye a cikinsu. Lawal kan kwance injin a kan buhu da hantsi, kafin la'asar ya haɗa, kuma tun daga kwanar asibiti yake gane kukan babur ɗin Dunoma.

Da tsohon babur ya gaza gaba ɗaya, Hussain, babban ɗan Dunoma mai aiki a Kano, ya saya masa sabo fil a shagon wani dila a Kazaure. Manajan shagon ya durƙusa ya nuna musu ɗigon jan fenti a kan kowane noti na injin. Ya ce akwai garanti na shekara guda, duk abin da ya lalace gyaransu ne kyauta, amma in sifanar wani bakanike ta fasa fentin nan, sun janye hannu.

A hanya Hussain ya ce, "Baba, na san ka da Baba Lawal. Don Allah kada ka bari ya taɓa."

Dunoma ya yi alkawari.

To, a wajenmu sabon babur ba ya shiga hanya sai an kai shi wurin bakaniken mutum ya bi notoci ya ɗaure, a taru a yi addu'a Allah ya tsare, ya sa ya tsufa a hannun mai shi. Ranar kasuwa Dunoma ya isa rumfa, 'yan acaɓa da masu kayan miya suka kewaye shi. Lawal ya goge hannu, fuskarsa cike da fara'a kamar shi aka saya wa.

"Bawa ya yi sabon doki. Matsa in ga haƙoransa."

Ya miƙa sifana. Dunoma ya riƙe masa wuyan hannu.

"Kar ka taɓa."

Ya so ya yi bayanin fenti da garanti, amma maganar ta riga ta fita a bushe, a gaban jama'a. Lawal ya dubi hannun da ya riƙe shi, ya mayar da sifanar cikin akwati a hankali.

Ya ce, "Allah ya sa albarka, Alhaji. Allah ya tsare hanya."

Tun da suke bai taɓa ce masa Alhaji ba.

Wata bai cika ba babur ya fara halinsa. Da safe kiki ɗaya ya tashi, amma da zarar injin ya yi zafi sai ya shaƙe ya mutu, sai an jira ya huce. Dunoma ya kai shi Kazaure, aka canza fulogi. Ya dawo da shi, aka wanke kabureta. Zuwa na uku suka ce wani ɗan akwatin wuta ne a ƙarƙashin kujera, babu irinsa a shago, sai an aiko daga Legas. Aka riƙe babur. Lokacin kakar riɗi ne, Dunoma ya koma ɗora buhuna a motar haya, yana zaune a gefen direba gwiwa a ƙirji. In ya sauka Babura sai ya bi ta bayan kasuwa, don kada ya wuce darbejiyar nan. Sau ɗaya suka yi kiciɓis a masallaci, Lawal ya gaishe shi da ladabi irin na baƙo, ya tambayi iyali, ya wuce.

Yagana, matar Dunoma, ce ta kawo masa labarin da ya hana shi cin tuwo. Ta je suna a Babura, ta ji mata na cewa idon Lawal ya mutu, tunda ko Dunoma, abokinsa na tun fil azal, ya hana shi taɓa babur. 'Yan acaɓa sun watse zuwa wurin matasan kanikawa.

Ta ce, "Malam, matar Lawal ta ce wata rana ko faci ɗaya ba ya samu."

Dunoma ya ce, "Na yi wa Hussain alkawari."

"Hussain babur ya saya maka. Ban ji ya ce ka sayar da mutum ba."

Bayan sallar layya kayan suka iso. Yaran dila suka sa sabon akwatin, suka sake ɗiga fenti, kuma gaskiya sun yi aiki, don babur ya kai Roni ya dawo bai yi ko tari ba. Manajan ya tuna masa cewa garanti bai ƙare ba, da sauran 'yan watanni.

Dunoma ya kira ɗansa a waya ya faɗa masa abin da zai yi. Hussain ya ce in injin ya buga shi ba shi da halin wani. Dunoma ya ce ya sani.

Ranar kasuwa ya jira sai da rana ta take, bakin titi ya cika, sannan ya kashe babur daga nesa ya turo shi har rumfa. Lawal na zaune shi kaɗai, yana jujjuya wata tsohuwar taya.

"Sannu da zuwa, Alhaji."

"Akwai abin da ke ƙara a injin nan. Duba mini."

Lawal ya tada babur, ya kasa kunne, ya ba shi wuta, ya sake saurare. Ya ɗago, ya rage murya.

"Ba abin da ke ƙara. Kuma in akwatin wutar nan ne, ni ban san kansa ba. Ka mayar musu."

"Sun gyara wannan. Notoci ne ba a ɗaure ba tun da aka saya."

"Fentin fa?"

"Da shi zan yi sallah?"

Mutane sun fara tsayawa. Lawal ya daɗe yana duban injin. Daga nan ya jawo akwati da ƙafa, ya laluba ya zaro sifana, ya ɗora a kan notin farko. Jan fentin ya tsage, ɓarɓashinsa ya zuba a ƙasa. Ya wuce na biyu.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Tsaye za ka yi mini a ka kamar mai gadi? Riƙe kan babur ɗin, malalacin bawa."

Dunoma ya tattare hannun riga, ya riƙe.