Hawashar da Alhasan Ya Ƙi Karɓa

Maliki ya haura sittin, kuma tun yana saurayi hawasha ɗaya yake nomawa, a bakin magudanar ruwan ƙauyenmu, arewa da Makwar. Hawasha ita ce gonar da hukumar noman rani ke ba mutum da sunansa. Wadda Maliki ke nomawa ta wani ɗan kasuwa ce, Osman, wanda ba a ganinsa sai lokacin girbi, a raba amfani biyu ya ɗauki rabi.

Tsofaffinmu sun ce an taɓa yi wa kakan Maliki, Malam Alhasan, tayin hawasha. Ya yi godiya, ya ce shi mahajjaci ne daga Sakkwato, ya yada zango ne ya tara guzuri ya wuce Makka, ba zai ɗaura wa kansa gona ba. Ko ɗakin ƙasa bai gina ba. A bukkar kara ya rasu. Ɗansa ma haka. Har yau in baƙo ya tambayi Maliki ko nan ne garinsu, yakan ce suna kan hanya.

Da yaƙi ya iso yankinmu, Osman ya kwashe iyalinsa ya yi Masar. Maliki ya zauna. Shi da matarsa Sakinatu suka yashe ƙaramar magudana da hannu, suka shuka irin da suka hana cikinsu. Amma ƙasar ta gaji. Da aka ɗan samu sarari, aka ce hukuma za ta ba manoma tallafin taki domin alkama. Alkamar nan ita ce cin gidan Maliki na shekara, kuma kowa ya san in ba taki ba za ta kai gwiwa ba.

Ya wanke jallabiyarsa ya tafi ofishin gona. Mufattishin da ya tarar, wato jami’in duba gonaki, mutumin kirki ne, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi. Ya ce ya san wanda ya yashe magudanar, ya kuma san wanda ya zauna. Amma taki na mai hawasha ne.

Maliki ya shanye shayinsa ya dawo. Sakinatu ta dubi buhun da ya tafi da shi, a naɗe a hammatarsa yadda ya fita.

“Malam, tunda a kan hanya muke, sai mu dafa hanyar mu ci.”

Ya ajiye buhun. Daga baya ƙanen Osman ya zo da mota ya karɓi takin. Masu zuwa kasuwar Dinder sun ce sun ga irin buhunan a can. Ni ban je ba.

Maliki ya bi gida gida yana share kashin awaki. Abin da ya tara kusurwa ɗaya ya rufe. Kusurwar ta yi kore, sauran gonar ta tsaya rawaya. Da girbi ƙanen Osman ya dawo, ya gaishe su da mutunci, aka raba biyu.

Na same shi yana ɗaure bakin buhunsa, na tambaye shi ko zai sake noman hawashar baɗi.

“Zan taɓa,” in ji shi, “kafin mu tashi.”